Fayilin Mashin: Ƙarami Ko Babba, Wanne Ya Dace Da Aikinka?

 Yau ba maganar waya ko manhaja na kawo muku ba. Magana ce a kan wani inji da kusan kowa ya san ƙararsa, ko a shagon mai waldan unguwa ko a wurin gini: injin nan na hannu mai juya dutse, ana yanka ƙarfe da shi, ana goge walda, tartsatsi na tashi. Mu a bakin sana'a fayilin mashin muke ce masa. Wani kamfanin Jamus mai suna Ackermann + Schmitt ne ya fito da irin mai saurin juyin nan a shekarar 1954, har yau kuma Jamusawa Flex suke kiransa, da sunan kayan kamfanin.

Sana'ata walda ce, a Ɗandume nake zaune, a Funtuwa na yi koyo. Wanda ya san garinmu ya san da hatsi muke taƙama, musamman masara, don haka aikin mai walda a nan tare yake tafiya da shekarar manomi. Gab da faɗuwar damina garmar shanu da amalanke ne ke cika ƙofar shago. Da kaka kuma injinan casa ne, da kurar 'yan dako, da bodin motocin da ke lodin buhuna a kasuwa. In an sayar da amfanin gona kuɗi sun shigo hannu, sai aikin get da ƙofa da ƙarafan taga ya taso. Duk cikin ayyukan nan babu wanda ake gamawa ba a kunna wannan inji ba.

A 'yan shekarun nan ba masu walda kaɗai ke sayensa ba. Masu haɗa sola, masu gyaran babur, masu injin niƙa, har manoman da suka gaji da jiran layi a shago, kowa so yake ya ajiye nasa. Tambayar da suke zuwa mini da ita guda ce: "Oga, ƙarami zan saya ko babba?" Mafi yawansu ma sun riga sun yanke hukunci a zuci. Wani ya ce babba, tunda mai babba ai ba ya rasa yin aikin ƙarami. Wani ya ce ƙarami mai araha, in babban aiki ya zo sai a ɗaura masa babban dutse. Duk biyun akwai gyara, na biyun kuwa yana iya cin ido, yana iya cin rai. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta amsar gaba ɗaya.

GIRMAN INJI, GIRMAN DUTSENSA NE

Idan ka ji an ce inji ɗan inci huɗu da rabi ko ɗan inci tara, faɗin dutsen da aka ƙera shi ya ɗauka ake nufi. Ga waɗanda za ka fi samu a kasuwa:

• Inci 4, wato milimita 100. Shi ne auta. Ramin dutsensa ma daban ne, milimita 16, dutsen sauran ba ya zama a kansa.

• Inci 4 da rabi, milimita 115, da inci 5, milimita 125. Su ne ƙananan da aka fi sani. Ƙarfinsu galibi daga wat 600 zuwa 1,000 da 'yan kai, nauyinsu wajen kilo 2, suna juyi wajen 11,000 a minti ɗaya. Sabon dutse na milimita 115 yana nutsewa kusan milimita 30 a cikin ƙarfe, na 125 ya ɗan ɗara haka.

• Inci 7, milimita 180. Tsaka-tsaki ne, juyinsa ba ya wuce 8,500.

• Inci 9, milimita 230. Shi ne babba. Wat 2,000 zuwa sama, nauyi wajen kilo 5, juyi wajen 6,500, zurfin yanka milimita 65 zuwa 70.

Ka lura da wani abu a jerin nan? Duk sa'ad da inji ya ƙara girma, juyinsa raguwa yake. Mutane da yawa sun ɗauka babban ne ya fi gudu tunda ya fi ƙara da tsada. A'a, ƙaramin ya kusa ninka shi juyi, kuma da gangan aka yi haka.

Ka dubi tarakta. In tayar gaba da ta baya suka yi juyi ɗaya-ɗaya, ta baya ta fi cin ƙasa, saboda bakinta ya fi faɗi. Haka dutse yake. Mafi yawan duwatsun yanka da na goga an yi su ne a kan kada gudun bakinsu ya wuce mita 80 a daƙiƙa ɗaya, wato kilomita 288 a awa. Ƙaramin dutse sai ya yi juyi da yawa kafin bakinsa ya kai wannan gudu, babba kuwa da juyi kaɗan ya kai. Shi ya sa za ka ga an rubuta wajen 13,300 a jikin dutse na milimita 115, wajen 12,200 a na 125, 8,500 a na 180, wajen 6,600 a na 230. Kusa da lambar akwai haruffan RPM, ma'anarsu juyi a minti ɗaya. Iyakar dutsen kenan.

To ga inda tarkon yake. Daga milimita 115 har zuwa 230, ramin tsakiyar dutsen iri ɗaya ne, milimita 22.23. Kenan dutsen babban inji zai shiga bakin ƙarami ya zauna daram, noti ya ɗaure kamar nasa. Abu ɗaya ne kawai ke hana shi: murfin ƙarfen nan da ya rufe rabin dutse. Shi ya sa duk wanda zai yi wannan dabara, abin da yake fara yi shi ne kwance murfi. Ya ƙara haɗari, kuma ya cire garkuwar da za ta tare shi, duk a lokaci guda.

Bari mu yi lissafi. Dutse ɗan inci 9 a kan inji mai juyi 11,000, bakinsa zai yi gudun wajen mita 132 a daƙiƙa, sama da kilomita 470 a awa. Ƙarfin da ke fizgar dutsen ya tarwatse kuwa ya fi gudun saurin hawa: in gudu ya ninka biyu, shi huɗu yake ninkawa. A wannan lissafi ya kusa ninka abin da aka yi dutsen dominsa sau uku. An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a nan fa bai sani ba. Ba wanda zai kalli dutse na juyawa ya gane 6,000 yake yi ko 11,000. Sai an karanta.

Ƙa'idar ke nan, kuma in ita kaɗai ka ɗauka daga rubutun nan ban yi aikin banza ba: lambar juyin da ke jikin dutse dole ta kai ko ta wuce lambar da ke jikin inji.

ABIN DA NA GANI DA IDONA

Wata kaka, ana tsakiyar rububin gyaran injinan casa, babban injin wani shago da ke kusa da nawa ya ƙone kwayil. Aiki ya taru, mai injin casa na tsaye a kansu, shi ma ga manoma na jiransa a gona. Sai aka kwance murfin ƙaramin inji aka ɗaura masa dutse ɗan inci 7, aka miƙa wa yaron shago, saurayin da bai wuce shekara 17 ba. Ni dai ƙara kawai na ji, kamar an doka kwalba da bango, sai salati. Ko da na isa, yaron na durƙushe riƙe da fuska, jini na bin yatsunsa. Ɓallin dutse ɗaya ya tsaga masa kunci daga gefen hanci zuwa kusa da kunne, wani ɓallin ya huda kwanon rumfa ya fice. Tsakanin inda ya yanke shi da idonsa bai kai faɗin yatsa biyu ba. An kai shi asibiti an yi ɗinki, ya warke, amma tabon na nan.

Da aka zo jaje kowa cewa yake tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ban ja da kowa ba, ba wurin musu ba ne. Amma na duba ragowar dutsen da ya maƙale a bakin injin, takardarsa na nan, an rubuta 8,500. A jikin injin kuwa 11,000. Lambobin nan biyu sun riga sun faɗi abin da zai faru tun kafin a kunna.

Akwai ƙanwar wannan dabara da ta fi yawa a shagunanmu: dutsen babban inji in ya cinye ya ƙanƙance, sai a ajiye shi a ƙarasa a kan ƙarami don kada a yi asara. Na san tsadar dutse, ni ma saye nake. Amma dutsen nan har yanzu iyakar da kamfani ya ba shi 6,600 ce, ga shi ya riga ya sha zafi da lanƙwasa. A shagona in ya cinye, cikin kwandon gwangwan yake tafiya.

TAMBAYOYI UKU KAFIN KA SAYA

Kwanaki wani dattijo manomi daga wajen Mahuta ya tsaya a shagona, zai wuce Funtuwa sayen inji. Ya ce, "Yaro, na ga kamar babban ya fi ƙarko, ko kuwa?"

Na ce, "Baba, me za a riƙa yi da shi?"

Ya ce wasa bakin garma, da yanke notin da ya yi tsatsa, da ɗan gyaran amalanke.

"Da wace wuta za ku kunna?"

Ya ce ƙaramin janaretan da suke cajin waya da shi.

"Wa zai riƙe?"

Ya ce ɗansa.

Na ce, "To Baba, ɗan inci huɗu da rabi za ku saya, mai ƙarancin wat. Ragowar kuɗin a sayi gilashin ido da duwatsu masu kyau."

Tambayoyin nan uku su nake yi wa kowa.

Ta farko, wane aiki? Ka lissafa abin da za ka fi yankawa a mako. Rodi mai milimita 12 ko 16, bututun ƙarfe na get da taga, fallen ƙarfe na ƙofa, ƙarafan da ake ɗora farantin sola, goge walda, kankare tsatsa: duk aikin ƙarami ne. Ko bututun da ya fi zurfin dutsenka faɗi, juya shi ake yi ana yanka gefe-gefe. Ƙaramin kuma yana shiga lungun da babba ba ya shiga, kamar cikin injin casa ko ƙarƙashin amalanke. Babba yana da ranarsa: shasin mota, gatarin tayar amalanke, ƙarfe mai kauri, ko yankan da za a wuni ana yi. In irin wannan sau biyu yake zuwa maka a shekara, kai wa mai babban inji ka biya ya fi maka sauƙi.

Ta biyu, wace wuta? Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce. Inji mai wat 2,300 yana jan amfiya 10 yana cikin aiki, a daidai lokacin tashi kuwa yana fizgar ninkin haka. Ƙaramin janaretan da ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba ba zai ɗauke shi ba, haka ƙaramar inbata ta sola. In ma ya tashi a kan raunanniyar wuta, gudunsa zai faɗi da zarar ya taɓa ƙarfe, kai kuma ka ƙara danna shi, fankar da ke sanyaya shi ta rage gudu, kwayil ya yi zafi. Daga nan sai wurin mai naɗi. Doguwar wayar jona ma tana cikin lissafi: siririyar waya irin ta fitila zafi take yi, ta kuma shanye ƙarfin wutar. Nemi mai kauri, kuma in a naɗe take ka warware ta duka kafin ka fara.

Ta uku, wane hannu? Kilo 5 ba komai ba ne a minti na farko. A minti na ashirin, kana sunkuye ko hannu na sama, labari ya canja, kuma gajiyayyen hannu shi inji ke ƙwacewa. In dutse ya maƙale a cikin ƙarfe, injin ba ya tsayawa, harbi yake yi kamar jaki. Harbin mai wat 700 da na mai wat 2,300 ba ɗaya ba ne. Wanda bai saba ba, da ƙarami ya kamata ya fara.

Ni a shagona ƙanana biyu ne da babba ɗaya. Ɗaya ƙaramin dutsen yanka ne a kansa kullum, ɗayan dutsen goga, don kada ƙyuyar canja dutse ta sa yaro ya yi goga da na yanka. Babban kuwa sai a kwana biyu ba a taɓa shi ba.

A WURIN SAYE

Ko a Funtuwa za ka saya, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Kaduna, ko Bosch ne ko Makita ko Ingco ko Total, abin dubawa ɗaya ne. Ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin injin da wayarka, ka faɗaɗa ka karanta abu huɗu: bolt, wat, juyi, da faɗin dutse. Ka bar hoton nan a waya, domin takardar gogewa take yi, kuma duk ranar da ka je sayen dutse za ka buƙaci lambar.

In na gwanjo ne ka kula da bolt. Na Amurka bolt 120 ne, wasu na wuraren gini a Ingila bolt 110. Ka jona irinsu kai tsaye a wutarmu, nan take za su ƙone. Ka tabbata an haɗa maka da murfi, da mariƙin gefe, da sifanar kwance noti. Injin da aka ce maka murfinsa ya ɓata, ka bar musu kayansu.

Sai makunni, wanda a wurinmu babban lamari ne. Akwai mai turawa ya kulle kansa, akwai wanda sai kana matse da shi yake aiki, da ka saki ya mutu. Ka ƙaddara kana yanka da mai kullewa aka ɗauke wuta ko janareta ya mutu, ka ajiye shi a ƙasa ka tafi dubawa. Wuta na dawowa zai tashi da kansa ya yi ta birgima tsakanin ƙafafun mutane. In aljihunka zai iya, sayi na matsewa, ko irin wanda aka yi shi ba ya tashi da kansa bayan ɗaukewar wuta. In mai kullewa gare ka, ka mai da shi ɗabi'a: wuta na ɗaukewa, yatsa ya fara kashe makunni kafin baki ya yi tsaki.

KARANTA DUTSE KAFIN KA ƊAURA

Dutsen yanka siriri ne, milimita 1 zuwa 3, da bakinsa kaɗai yake aiki, a tsaye cak a kan ƙarfe. Dutsen goga kauri gare shi, wajen milimita 6, shi ake kwantarwa kaɗan, kamar digiri 15 zuwa 30, a goge da gefensa. Zaren raga ne da wani irin ƙaro ke riƙe da dutsen yanka. In ka goga da gefensa kana cinye ragar ne, kuma ba ya gargaɗi kafin ya fashe. Na ƙarfe daban, na kankare da tayil daban, an rubuta ko an zana a jiki. Faifan zarto mai haƙora na yankan katako kuwa, kada ka kuskura ka ɗaura shi a wannan inji ko da wasa. Haƙoran na cafkar itace su wurgo injin jikinka.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: dutse yana da ranar lalacewa kamar magani. Dubi zoben ƙarfen da ke tsakiyarsa, za ka ga an buga lamba, misali 04/2027, wani lokaci da harafin V a gaba. Shekara uku ake ba shi daga ranar ƙerawa, domin ƙaron na rauni da daɗewa, danshi kuma na ƙara masa. A yankinmu da damina ke da ƙarfi, dutsen da ya yi Agusta a ƙasan shago mai yoyo ba abin yarda ba ne. Ka ajiye su a kwance, a busasshen wuri. Masu inganci za ka ga an rubuta EN 12413 a jikinsu, wasu har da tambarin oSa. Wanda babu lambar juyi a jikinsa sam, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Araha ba ta ado. Wanda ya faɗi ƙasa, ko bakinsa ya ɓantare, ko ya lanƙwashe, shi ma ya gama aiki.

YADDA AKE RIƘE SHI

1. Zare fulogi kafin ka canja dutse ko ka juya murfi. In na batir ne, cire batir ɗin.

2. Juya murfi ya zama yana tsakaninka da dutse. Ɗaure noti da sifanarsa, ba da guduma da kurfi ba.

3. Sabon dutse, ka kunna ka bar shi ya yi ta juyi wajen minti ɗaya ba tare da ya taɓa komai ba, ka karkatar da shi inda ba mutum. In yana rawa ko ƙararsa ta canja, kashe.

4. Ɗaure ƙarfen da za ka yanka a jikin benci ko wani abu mai nauyi. Taka shi da silifas ba ɗauri ba ne, sa yaro ya riƙe maka ma ba ɗauri ba ne.

5. Tokare ƙarfen yadda in an kusa gamawa bakin yankan zai buɗe, guntun ya faɗi. In ka ɗora shi a kan duwatsu biyu ka yanka tsakiya, lotsawa zai yi ya cije dutsen, a nan harbi ke fitowa.

6. Hannu biyu, ɗaya a jiki ɗaya a mariƙin gefe. Ka tsaya ta gefe, kada fuskarka ta yi layi ɗaya da dutse.

7. Bari ya kai cikakken gudu kafin ya taɓa ƙarfe, kuma kada ka danna. In ya maƙale, kashe, jira ya tsaya, zare shi. Kada ka sake kunnawa yana cikin yankan.

8. In wasa bakin garma ko gatari kake, ka riƙa ɗagawa yana shan iska. Da bakin ya yi shuɗi, taurinsa ya tafi.

9. Kada ka ajiye shi sai dutse ya tsaya cak.

JIKINKA DA KEWAYENKA

Gilashin kariya fari mai rufe gefe shi ne na wannan aiki, in da hali a ɗora garkuwar fuska a kai. Baƙin tabarau na gayu ba ya tare ɓalli, na walda kuma duhunsa ba ya barinka ka ga layin yanka. Ƙarar injin nan ta haura desibel 85, ma'aunin da daga shi wunin aiki ke fara cutar da ji, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Abin toshe kunne ba shi da tsada. In kana kankare tsohon fenti ko tsatsa, rufe hanci da takunkumi mai kyau.

Sutura kuwa, ba a wannan aiki da babbar riga, ko jallabiya, ko rawani mai jela, ko carbi a wuya. Duk abin da ke lilo, dutse na iya naɗe shi ya jawo injin jikinka. Rigar ƙwallo ta leda narkewa take ta manne a fata. Sa ta auduga mai kauri da ta kama jiki, da takalmi rufaffe, da safar hannu ta fata daidai hannunka.

Tartsatsin nan ɓarɓashin ƙarfe ne mai wuta, yana tafiya mitoci da dama. A garin da karan masara da buhunan leda da auduga ke jibge ko'ina da kaka, ga iskar hunturu ta busar da komai, kafin ka kunna ka dubi inda zai sauka. Kawar da galan ɗin fetur, nisanta janareta, ajiye bokitin yashi ko ruwa kusa, kuma bayan ka gama ka ɗan jira ka sake dubawa, don wuta kan yi kwanto a cikin ƙaiƙayi. Yana kuma nutsewa a jikin gilashi ya bar tabon da ba ya fita, don haka wayarka, da gilashin mota, da farantin sola, a matsar da su ko a rufe.

Durom ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur ko wani mai, in an kawo maka a ce a fasa shi biyu a yi kwamin shayar da shanu, kada ka yarda don an ce ai babu komai a ciki. Wanda babu komai ɗin ya fi haɗari, domin tururin man ne ke fashewa. Ni ba na karɓar wannan aiki, ko nawa za a biya.

IN ABU YA FARU

Ɓarɓashin ƙarfe in ya shiga ido, kada a murza. A zuba ruwa mai tsafta da yawa. In bai fita ba, kada a bi shi da tsinken ashana, ko bakin tsumma, ko harshe, kada a ɗiga wani haɗi. A rufe idon ba tare da dannawa ba, a nufi asibiti a ranar, domin ƙarfe na fara tsatsa a kan ƙwayar ido cikin 'yan awanni. In babban ɓalli ne ya soke, ba a zare shi, aikin likita ne. Asibiti mafi kusa za a fara zuwa, in abin ya fi ƙarfinsu akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano. In yanka ne, a danne da tsumma mai tsafta, a ɗaga wurin sama, ban da zuba man birki ko ƙasa, sannan a tambayi ma'aikacin lafiya maganar allurar tetanus.

GA 'YAN'UWANA MASU SHAGO

Maganata ta ƙarshe gare mu ce. Yaran da ke hannunmu amana iyayensu suka kawo, kuma abin da suka ga oga na yi shi suke ɗauka. In oga na yanka babu murfi babu gilashi, yaro ba zai taɓa sakawa ba, don kada abokansa su ce matsoraci ne. A shagona yaro ba ya taɓa wannan inji sai ya iya nuna mini lambar juyi a jikin dutse da ta jikin inji, ya gaya mini wadda ya kamata ta fi yawa. Minti biyar ke koyar da shi. Babban injin kuwa sai ya daɗe yana riƙe ƙarami na ga hannunsa ya zauna.

Yau in ka koma gida ko shago, ɗauko injinka ka karanta lambarsa, ka ɗauko dutsen da ke kai ka karanta tasa. In murfin na cikin akwatin tarkace, nemo shi ka mayar. Sannan ka tura wannan rubutu ga mai waldan unguwarku, ko ƙanenka da ke koyon sana'a. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.